Yini Guda A Tsohon Gidan Sana'a Na Birnin Benis

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun ina makaranta na ke jin labarin wani birni a ƙasar Italiya wanda aka gina a cikin ruwa, inda kwalekwale ya ke a matsayin tasi, amma ban taɓa sa wa raina zan taka shi ba. Sai ga shi a watan Nuwamba na 2022 wani ɗan gajeren kwas na 'yan jarida ya kai ni arewacin ƙasar. Da aka tashi daga kwas ɗin, saura kwana uku in komo gida, sai wata malama daga cikin waɗanda suka koyar da mu ta ba ni shawara in je Benis in ga babban baje kolin fasaha da a ke yi a can, tun da saura mako guda a rufe shi. Ta ce akwai ayyuka da dama a ciki da suka shafi ƙasa da ruwa da sauyin yanayi, kuma an girka su ne a cikin wani tsohon gini da ya shekara ɗaruruwa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, da ƙyar na yarda. A wannan shekarar ce ambaliya ta ci fiye da jihohi 30 na Nijeriya, ta kashe mutane sama da 600, ta raba fiye da miliyan 1 da gidajensu. Kafin in baro gida na yi makonni ina tace labaran Jigawa da Lokoja da Bayelsa a teburin aikina, har adadin mamata ya zame mini kamar farashin hatsi, kullum da safe a duba a ga nawa ya ƙaru. To, mutumin da ya fito daga cikin wannan hali a ce masa ya biya kuɗi ya je ya kalli yadda masu fasaha suka nuna damuwarsu game da yanayi? Na ce a raina wannan ai wasan ƙosassu ne. Amma da ya ke kuɗin jirgin ƙasa ba shi da yawa, zaman ɗaki kuma ya ishe ni, sai na ɗaure jakata.

Birni A Kan Turaku

Jirgin ƙasa ya kan bi ta kan wata gada mai tsawon kusan kilomita 4 kafin ya shiga Benis. Dama ruwa, hagu ruwa. Birnin yana zaune ne a tsakiyar wani makeken tafki na ruwan gishiri, irin wanda ya kewaye Ikko, sai 'yan siraran tsibirai da suka raba shi da babban teku. Masu garin suna kiransa Beneziya. Larabawa kuwa Bunduƙiyya su ke ce masa, watau kalma ɗaya da wadda su ke kiran bindiga da ita, wadda mu ma daga gare su muka aro.

Tsibirai 118 aka haɗa da gadoji sama da 400 suka zama gari. Da ya ke ƙasar wurin laka ce zalla, ba ta iya ɗaukar gini, sai mutanen dā suka yi dabara. Su kan saro itatuwa daga dazuzzukan tudu, su fiƙe su, su kafa su cikin laka kusa da kusa kamar turaku, sa'an nan su shimfiɗa katako da farin dutse a kai, su ɗora gini. Itacen da ya nutse cikin laka iska ba ta samunsa, saboda haka ba ya ruɓewa. Manyan fadoji da majami'un da baƙi ke tururuwar kallo duk a kan waɗannan turaku su ke tsaye.

Sai dai ruwan da ya tsare birnin daga abokan gaba shekara da shekaru, shi ne yau ya zame masa abin tsoro. Tun daga 1872 da aka fara auna shi a kai a kai, ruwan ya hau garin da fiye da santimita 30. Wani kashi na wannan nutsewar ƙasa ce, wadda ta tsananta a ƙarni na 20 sa'ad da masana'antun da ke gaɓa suka yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sauran kuwa hawan teku ne saboda ɗumamar duniya. In cikar teku ta haɗu da iska mai ƙarfi daga kudu, sai ruwa ya tudo ya shiga tituna da kantuna da gidaje. Mafi muni a tarihi shi ne na ran 4 ga Nuwamba, 1966, da ya kai santimita 194 bisa ma'aunin garin. Na biyunsa shi ne na daren 12 ga Nuwamba, 2019, santimita 187, wanda ya mamaye fiye da kashi 80 cikin 100 na birnin. Mutane kuma sai ƙaura su ke yi. A 1951 mazauna tsohon garin sun kai wajen 175,000, amma a shekarar da na je sun kasa 50,000.

Takalmin Leda

Na kwana a Mestre, garin da ke kan tudu kafin gada, domin masauki ya fi araha a can. Ran Talata 22 ga wata na tashi na tarar da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga iska tana neman ƙwace wa mutum laima. Mai masaukin ya girgiza kai, ya ce an yi hasashen teku zai cika ƙwarai da safen nan. Da na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Benis, sai na ga wani saurayi ɗan ƙasar Bangaladash yana sayar da laima da wani irin dogon takalmin leda da a ke zurawa a kan takalmi har gwiwa. Na saya, na cusa a jaka, na ce in ruwa ya zo ya same ni a shirye. Muka ɗan taɓa hira da guntun Turancinsa. Ya ce shi ruwa ba baƙonsa ba ne, garinsu ma kowace damina sai ya sha.

Na bi lunguna da ƙafa, ina hawa gada ina sauka, ina sauraron lokacin da ruwa zai tudo. Na ga katakan da a kan jera wa masu tafiya in gari ya cika, an tara su a gefe. Na ratsa babban dandalin San Marko, wanda yana cikin wurare mafi kwari a garin, ban ga komai ba sai ruwan sama da ya kwanta nan da can. Na ce to, ashe masu hasashen nan ma su kan yi kure kamar namu. Ban san abin da ke faruwa a bakin teku a daidai wannan lokaci ba, sai da yamma. Zan zo kansa.

Darus Sina'a

A gabashin gari akwai wata unguwa guda da aka kewaye da ganuwar jan bulo mai tsawon kusan kilomita 3. Ita ce Arsenale. Sunan daga Larabci ya fito, darus sina'a, watau gidan sana'a, domin mutanen Benis sun daɗe suna ciniki da Misira da Sham. Daga nan kalmar ta bazu cikin harsunan Turai da ma'anar ma'ajiyar makamai, har ta kai ga ƙungiyar ƙwallon nan ta London da samarinmu ke sha'awa, wadda ma'aikatan wata masana'antar makamai suka kafa a 1886.

An fara gina wurin ne wajen shekarar 1104, kuma nan ne gwamnatin Benis ta ke ƙera jiragen ruwanta na yaƙi da na fatauci. Dubban ma'aikata ke aiki a ciki, kowane rukuni da sana'arsa: masu sassaƙa, masu tufkar igiya, masu ɗinkin filafilan iska, masu dafa kwalta, maƙera. A kan ja gangar jirgi a kan ruwa daga wannan rumfa zuwa waccan, kowa ya sa nasa, har ya fita a shirye. Ana ba da labarin cewa a 1574, da Sarkin Faransa Henri na Uku ya kawo ziyara, an harhaɗa masa jirgi sukutum kafin ya gama cin liyafa. A bakin babbar ƙofar, wadda aka gina a 1460, akwai zakoki na dutse, babbansu ganimar yaƙi ce da aka kwaso daga ƙasar Girka a 1687.

Wani abu da ya tsaya mini a rai cikin tarihin wurin shi ne sha'anin daji. Jirgi sai da itace, itacen da a ke bukata kuwa ya kan yi kusan shekara 100 kafin ya isa sara. Saboda haka a 1471 hukumar Benis ta keɓe dajin Montello domin gidan sana'ar kaɗai, a 1548 kuma ta keɓe dajin Kansiliyo domin itacen tuƙi. A ƙarni na 16 har ƙidayar itatuwa a ke yi, a rubuta a littafi, wanda ya sare ba da izini ba ya gamu da hukunci. Kada mai karatu ya ɗauka tausayin daji ne ya sa su. Jiragen yaƙi su ke so, da riba, kuma cikin hajar da jiragensu suka yi dako har da bayi. Amma sun gane abu guda, cewa wanda zai ci moriyar itace bayan shekara 100, yau zai fara lissafi.

Napoleon ya rushe daular Benis a 1797, sana'ar jirgi ta yi ta ja da baya har rumfunan suka zama kufai. Shi baje kolin fasahar, wanda a ke kira Biyanale domin duk shekara biyu a ke yinsa, tun 1895 aka fara shi a wani lambu da ke kusa. A 1980 aka soma buɗe ɗakunan Arsenale domin nune-nune. Wanda na tarar shi ne karo na 59. Wata 'yar Italiya mai suna Cecilia Alemani ce ta tsara shi, ta gayyato masu fasaha 213 daga ƙasashe 58, galibinsu mata, ban da rumfunan da ƙasashe suka kafa da kansu.

Ƙanshin Ƙasa A Ɗakin Tufka

Wurin da a ke fara shiga shi ne ɗakin tufka, inda a dā a ke murɗa igiyoyin jirage. Tsawonsa mita 316, watau filin ƙwallo uku a jere, ga ginshiƙai na bulo sahu biyu sun tafi har ido ya gaza. Ba a yi wa bangon fenti ba, ba a ɓoye tsufansa ba. Daga ƙasa zuwa sama da tsayin mutum bulon ya ci gishiri yana marmashewa, domin ruwan tafki yana hawa cikin bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Tun kafin ka ga aikin kowa, ginin da kansa ya fara ba ka labari.

Ya kamata in yi bayanin irin fasahar da na ke nufi, domin ba zane ba ne da a ke ratayewa a bango. Mai fasaha ya kan ɗauki ɗaki ko fili, ya tara kayan da ya zaɓa, ko ƙasa ko ruwa ko tsiro ko ƙarfe ko sauti, ya girka su yadda mai kallo zai shiga ciki ya zagaya, ya ji da hancinsa da kunnensa da fatarsa. In an tashi baje koli sai a kwashe.

Ina cikin tafiya sai wani ƙanshi ya tare ni tun ban ga inda ya ke fitowa ba. Na tsaya cak. Ƙanshin ƙasa ne, irin na ranar da aka yi ruwan fari, amma da wani abu a cikinsa kamar an buɗe tukunyar kunu. Da na matsa sai na ga an tara baƙar ƙasa an daddaɓe ta kamar katangu masu kauri, tsayinsu ya kai ƙugu ko ƙirji, an bar siraran hanyoyi a tsakani. Aikin wata mata ce 'yar ƙasar Kolombiya mai suna Delcy Morelos, ta sa masa suna Aljannar Duniya. Ta cuɗa ƙasar da busasshiyar ciyawa da garin rogo da garin kokon da a ke yin cakulan da shi, da kanumfari da kirfa. Manufarta, bisa al'adun mutanen asali na yankin Andes da Amazon, ita ce ƙasa uwa ce mai ciyarwa, daga gare ta aka fito, cikinta za a koma, bai kamata a ɗauke ta abin takawa kawai ba.

Turawan da ke gabana suna ta sunkuyawa suna shinshinawa kamar sun ga abin al'ajabi. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne ɗakin kakata, da yadda a kan kwaɓa ƙasa da ciyawa a yi yaɓe kafin damina. Daga nan sai tunanina ya tafi kan labaran da na baro a tebur. Sau nawa na rubuta cewa gidaje kaza sun rushe a Jigawa? Galibinsu da irin wannan ƙasa aka gina su. Kowane ɗaya yana da ƙanshinsa, da rumbunsa, da gadon da aka haifi 'ya'ya a kai. Na yi makonni ina rubuta adadin, ban ji nauyinsa ba sai a nan, a ƙasar wasu, a gaban tulin ƙasar da wata baƙuwa ta kwaɓa. Na daɗe a tsaye har mai gadin wurin ya fara kallona.

Laka Da Gansakuka

Gaba kaɗan akwai wani ɗaki mai duhu da allunan majigi uku. Aikin Ali Cherri ne, ɗan ƙasar Labanan. Ya je arewacin Sudan, kusa da madatsar ruwa ta Marawi da aka gina a kan kogin Nilu, wadda ta tashi mutane fiye da 50,000 daga garuruwansu. Ya ɗauki hoton masu buga tubali a bakin kogi, suna kwaɓa laka da ƙafa, suna zubawa a ma'auni, suna shanyawa, daga safe har dare. Ba mai yi maka wa'azi a cikin fim ɗin. Kana dai kallon mutum da laka da kogi, da katafaren ginin da ya sauya wa ukun nan rayuwa. Wannan aiki ya samo masa kyautar Zakin Azurfa ta wannan shekara.

A rumfar ƙasar Chile kuwa gansakuka na tarar, ɗanya shar, an shimfiɗa ta kamar fadama a cikin ɗakin da a dā a ke ajiye kayan yaƙi. A kan shigar da mutane kaɗan kaɗan. Suna jawo hankali ne ga fadamun kudancin ƙasarsu, inda wannan gansakuka ke mutuwa tana taruwa a cikin ruwa shekaru dubbai ba ta ruɓe ba. Irin waɗannan fadamu kashi 3 ne kacal cikin 100 na doron ƙasa, amma iskar kabon da suka riƙe ta fi wadda ke cikin dukan dazuzzukan duniya. In aka janye musu ruwa domin noma ko haƙar ma'adini, sai su saki abin da suka riƙe ya hau sama ya ƙara zafi. Na fito ina cewa ashe abin da mu ke kankarewa a bakin rijiya yana da dangi masu wannan matsayi.

Rake Da Ciyawa Mai Yaɗo

A ƙarshen jerin ɗakunan sai na faɗa cikin wani lambu. Lambu sosai, a cikin gini, da tuddai da duwatsu da ɗan rafi yana gudana, da siririyar hanya tana karkacewa. Aikin Precious Okoyomon ne, tsatson Nijeriya, haihuwar London a 1993, girman Amurka. An shuka rake, wanda bayanin da ke bango ya ce tunawa ce da raken da kakar Okoyomon ke shukawa a bayan gida a Nijeriya, kuma tunawa ce da gonakin raken da aka kwashi bayi daga Afirka domin su. Sa'an nan an shuka wata ciyawa mai yaɗo da a ke kira kudzu. A tsakanin shukokin akwai wasu dogayen siffofi da aka yi da gashin tumaki da ƙasa. Wata bakwai ke nan da buɗe baje kolin, saboda haka ciyawar ta riga ta yaɗu ta hau kansu tana neman rufe su.

Tarihin wannan ciyawa abin lura ne. Daga Japan aka kai ta Amurka a 1876. Bayan noman auduga na shekara da shekaru, wanda aka faro da gumin bayi, ya tsotse ƙasar kudancin Amurka, sai gwamnati a shekarun 1930 da 1940 ta riƙa biyan manoma su shuka ta domin ta hana zaizayar ƙasa. Ta kama, ta wuce gona da iri. A lokacin zafi ta kan yi tsawon kusan santimita 30 a yini guda, ta haɗiye itatuwa da turakun waya da gidajen da aka bari. Daga baya gwamnatin da ta raba irinta ita ce ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Wanda ya san yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsun ruwa a sama, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mutum ya kan ɓata, ya kawo gyara, gyaran ya zame masa sabuwar ɓarna.

Masaƙar Da Ta Mutu

A can ƙuryar Arsenale rumfar masu masauki ta ke, watau Italiya. A wannan karo mutum ɗaya suka ba dukan wurin, Gian Maria Tosatti. Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, an kuma roƙi kowa ya yi shiru. Ya sayo injuna na gaske daga masana'antun da suka mutu, ya sake gina su a ciki. Ka ratsa ɗakin injuna da ƙura ta rufe, ka shiga wani babban zaure cike da kekunan ɗinki a jere, fitilu na ci sama sama, ba kowa. Sai na ga kamar an ɗauko Kakuri ta Kaduna ko Sharaɗa ta Kano an ajiye.

Ƙofar ƙarshe ta fitar da ni kan wani dandamali da ya shiga cikin baƙin ruwa, a cikin duhu, ruwan yana tumbatsa yana bugun bango. Can nesa sai ga 'yan fitilu ƙanana suna ƙyaftawa kamar makesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Wani marubucin Italiya, Pasolini, ya taɓa rubutawa a 1975 cewa gurɓatar iska da ruwa ta kawar da wannan ƙwaro daga karkarar ƙasarsu. Tosatti ya maido da shi bayan injuna sun yi shiru. Ko albishir ne, ko kuwa nuni ne cewa duniya za ta ci gaba ba da mu ba, ya bar wa mai kallo.

Kafin in fita na zauna a bakin tafkin da ke cikin ganuwar, inda a dā a ke saukar da sababbin jirage. A kan wannan ruwa ne a 2016 Kunle Adeyemi, mai zanen gine-gine haifaffen Kaduna, ya girka samfurin makarantar nan mai yawo a kan ruwa da ya gina wa mutanen Makoko a Ikko, ya sami Zakin Azurfa. 'Yan kwanaki bayan haka ta asalin, wadda aka riga aka daina karatu a cikinta, ta rushe bayan wani ruwan sama mai ƙarfi. A 2019 kuma Otobong Nkanga, haifaffiyar Kano, ta shimfiɗa wani aiki mai tsawon mita 26 na gilashi da dutsen marmara a ɗakin tufka, mai kama da kogin da aka gurɓata, alkalai suka yi mata yabo na musamman. Ashe namu sun riga ni zuwa.

Abin Da Ya Faru A Bakin Teku

Da yamma a masauki na ga labari a talabijin. Ashe hasashen bai yi kure ba. Da safen nan teku ya cika har ya haura santimita 170, wanda da ya shigo da ya zama ɗaya daga cikin ambaliya mafi muni a tarihin garin. Abin da ya hana shi wasu ƙofofin ƙarfe ne guda 78, masu launin rawaya, da aka kwantar a ƙarƙashin ruwa a mashigai uku da suka haɗa tafkin da teku. Sunan shirin Mose. Kullum ƙofofin suna kwance cike da ruwa. In an ga hatsari sai a hura musu iska, ruwan ya fita, su taso su tsaya su raba teku da tafki. In teku ya janye a sake cika su su kwanta. Ɗakin da a ke sarrafa su kuwa a arewacin Arsenale ɗin nan ya ke. Watau sa'ad da na ke tsaye ina shaƙar ƙasa, a cikin ganuwa ɗaya da ni wasu injiniyoyi na zaune gaban na'urori suna riƙe da teku.

An fara aikin a 2003, ba a yi amfani da shi ba sai ran 3 ga Oktoba, 2020. Ya ci wajen Yuro biliyan 6, kuma a 2014 an kama manyan mutane da dama bisa zargin cin hanci a cikinsa. Da an gama shi a kan lokaci, da ɓarnar 2019 ba ta auku ba. Masana kuma suna gargaɗin cewa in teku ya ci gaba da hawa, za a kai lokacin da sai an riƙa rufe ƙofofin a kai a kai, tafkin ya rasa sabon ruwan da ke wanke shi, jiragen kaya su rasa hanya. Ƙofofin jinkiri suka saya wa garin.

Na kwanta ina juya abin a raina. Tulin ƙasa da gansakuka ba su tare ko cokali guda na ruwa ba, ƙarfe da kuɗi ne suka tare. Kuma mutane fiye da 800,000 da suka sayi tikitin baje kolin a wannan shekara, da yawansu jirgin sama suka hau, har da ni, muka ƙara wa sama hayaƙin da a ke kuka da shi. Wannan zargi yana nan, ban kuma ga abin da zai kankare shi ba. Amma na janye maganata ta wasan ƙosassu. Ba a kashe biliyan 6 domin ceton abin da ba a ji zafinsa ba, kuma adadi shi kaɗai ba ya sa a ji zafi. Ni shaida ne, tun da sana'ata ke nan. Kwana biyu kafin wannan rana, a taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Misira, ƙasashen duniya suka amince a kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe matalauta. Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin ba. Ko asusun zai cika, ya dogara ga ko masu kuɗin za su ji a jikinsu cewa gidan ƙasa na Jigawa gida ne kamar fadar Benis.

Sauran kuwa namu ne. Mutanen da suka ƙidaya itatuwansu shekara 500 da suka wuce ba su jira wani asusu ba. Bayan dawowata madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a watan Satumba na 2024, Mokwa ta bi baya a watan Mayu na 2025. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso teburina yanzu, na kan ce wa wakilinmu kada ya tsaya a kan adadi, ya shiga gida ɗaya, ya tambayi mai shi abin da ke cikin ɗakin kafin ya faɗi. Na kan kuma ce ya tambayi hukuma yaushe aka duba madatsar, kuma wa ya sa hannu.

Takalmin ledar nan da na saya yana nan a aljihun teburina, ko buɗe shi ban yi ba. Wani abokin aikina ya taɓa ganinsa ya tambaye ni na mene ne. Na ce na wani gari ne inda aka ce ruwa zai zo, ya kuma zo, ya tarar an rufe ƙofa. Allah ya kiyashe mu, ya kuma ba mu ikon yin namu shirin tun rani.